Haruffan Na-Gobe

Mijin yayata mai rubuta allunan shaguna ne. In ka bi layinmu ka ga sunan shagon aski da wasu haruffa masu faɗi, sirara, kowanne da 'yar tsaga a jikinsa kamar an ɗan sare shi da reza, to aikinsa ka gani. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓata a bakin mutane. Na-Gobe ake ce masa. Ko yayata, da ba ta kama sunan miji, in ya ƙure ta da wannan take kiransa, ta ja ƙarshen har sai maƙwabta sun ji.

Ni ƙanin matarsa ne, don haka ina da lasisin tsokanarsa, kuma ban taɓa bari lasisin ya mutu ba. Na yi makaranta har zuwa inda ta fara yi mini tsauri, na taɓa gyaran waya, na taɓa tallan takalma, yanzu haya nake yi da babur. Shi Sarkin Yawo yake ce mini. Duk inda aiki ya kira shi a bayana yake zuwa, gwangwanin fenti a cinya, yana yi mini faɗa a kan ramukan titi kamar ni na haƙa su.

Shagonsa ɗan tsukin ɗaki ne tsakanin mai faci da mai kemis. Tebur, benci, da wata taga da ta daina rufuwa tun da fenti ya bushe a bakinta. Ƙasan ɗakin ya sha ɗigon kala har ba ka iya cewa ga launin simintin. In ka shiga warin kananzir zai kama maka riga, ka fito fasinja ya yi ta tambayarka ko babur ɗin na yoyo.

A wurin wani tsoho mai rubuta jikin manyan motoci ya koyi sana'a, shi da abokinsa wanda yanzu ake ce wa Mai Fulawa, don ba ya gama rubutu bai dasa fure a gefe ba. Tare suka tashi, tare suka sha ranƙwashi, da tsohon ya rasu kowa ya kama gabansa. Mai Fulawa ya zauna a tashar mota, mijin yayata ya shigo cikin gari. A lokacin hannunsa ne abin magana. Ba ya jan layi da alli. Zai tsoma buroshi, ya kalli allo, ya riƙe numfashi, sai ka ga harafi ya fito da ciki da wutsiya da inuwa, ya kwanta a jikin ɗan'uwansa kamar nono ɗaya suka sha. Mutane kan tsaya kallo har su manta da aiken da aka yi musu. Yayata ma a wurin kallon ya same ta, an aike ta sayen maganin tari a kemis ɗin da ke gefensa. Ta ce har ta koma gida mai tarin ya warke da kansa.

Sai hannun ya fara rawa.

A kan babur na gane. Ya dafa kafaɗata, na ji wani zir-zir kamar waya a aljihu. Na ce masa ya ɗauka ana kiransa. Ya janye hannun ya cusa a riga. Da na je ina ba yayata labari ina dariya, ta ajiye ludayi ta yi mini irin kallon da take yi mini tun ina ƙarami in na ɗauki abin da ba nawa ba. Ta ce an je asibiti, an ba shi ƙwayoyi, likita ya ce abin ba ya kisa amma ba ya tafiya. Ta ce mai rubutu in aka ji hannunsa na rawa, ko allon sayar da gawayi ba mai ba shi, kuma da wannan hannun ake ɗora tukunya a gidan. In maganar ta fita ta bakina, in nemi wata yayar. Na ja bakina na tsuke, wanda ba ƙaramin aiki ba ne a wurina.

Ya rufe shago na ɗan lokaci, ya ce wa mutane gyaran rufi yake yi. Yana ciki yana gwaje-gwaje. Abin da ya gano shi ne, hannun ba ya rawa muddin yana jingine da wani abu. In ya danna reza a jikin rular ƙarfe, layi zai fita a miƙe. In ya kifa gwangwani ya zagaye bakinsa, da'ira za ta fita cif. Matsalar tana cikin iska ne, tsakanin buroshi da allo, inda ba abin dafawa. Sai ya daina rubutu a iska.

Ya bi gidajen 'yan'uwa ya tattaro tsofaffin hotunan ƙashi na asibiti, irin baƙar robar nan da ake ba mutum ya kai gida ya rasa yadda zai yi da ita. A jikinsu ya riƙa yanke siffar kowane harafi. Sai a ɗora robar a kan allo, a dangwala soso mai fenti, a ɗaga, harafi ya zauna. Soso ba ruwansa da rawar hannu, shi dangwalen ma ai rawa ne. In ka ɗaga robar a haske sai ka ga harafin M a tsakiyar haƙarƙarin wani bawan Allah. Akwai ƙafar kawunmu da ta karye a cikin R.

Kayan awonsa ba su da yawa: gwangwanin madarar gari, murfin kwalbar man shafawar yayata, sai rula. O shi ne bakin gwangwani, ba ƙari ba ragi. C shi ne O da aka buɗe wa ƙofa. G kuma C ne da aka ajiye wa ɗan benci a bakin ƙofar. D rabin gwangwani ne ya jingina da sanda. A ya cire masa sandar tsakiya, ya bar shi tsaye kamar tsanin da aka buɗe. E ya raba shi da ginshiƙinsa, sanduna uku kawai a kwance, wai mai hankali zai gane. Lanƙwasar Ƙ da Ɗ da Ɓ daga gefen murfi ya ciro ta. S ne ya ba shi wahala, don duk yadda ya haɗa rabin murfi biyu sai ya fito kamar ƙugiyar mahauta. Ya gaji ya bar shi haka. Kaurin layi ɗaya ne ko'ina, faɗin rula. Ba wutsiya, ba inuwa, ba ciki.

Ita tsagar dole ce ta kawo ta. In ka yanke O gaba ɗaya tsakiyarsa za ta faɗo, sai an bar wata 'yar gada ta riƙe ta. Masu irin wannan aikin sukan cike gurbin gadar da ƙaramin buroshi daga baya. Shi ba shi da hannun cikewa. Sai ya bar gurbin, ya kuma sa shi a karkace a jikin kowane harafi, har waɗanda ba sa buƙata, don kada a ce mantuwa ce.

Wanda ya fara karɓa wani mai gyaran waya ne, tsohon ubangidana, wanda ya kore ni wai na cika hira da kwastomomi mata. Ya zo ɗaukar allonsa yana sa ran ganin wutsiyoyi, ya tarar da farin rubutu a kan baƙi kamar an harhaɗa shi da bututun ruwa. Ya tsaya ya daɗe, sannan ya tambaya ko an gama kuwa.

Mijin yayata ko kai bai ɗaga ba. "Kai waya kake gyarawa ko motar kaya? Wannan rubutun gobe ne. Shi za a sa a jikin jiragen da za su je wata."

Mutumin ya ɗauki allo ya tafi yana juya shi. Kafin a ce mene ne wannan, duk masu gyaran waya na layin sun zo suna neman irin na jirgin wata. Daga nan sunan Na-Gobe ya manne.

Haruffan suka shiga gari. Shagunan aski, gidajen kallon ƙwallo, masu sayar da fitilar sola, ɗakunan wasan kwamfuta na yara, bayan baburanmu. Daga nesa suke aiki. Kana gudu a titi za ka karanta sunan shago ba sai ka rage wuta ba, shagon da bai fi kejin kaji ba sai ka ɗauka ofishin kamfanin jirgi ne. Amma ba ko'ina suke shiga ba. Mai kemis ya sa ya rubuta masa dogon bayani a ƙofa da ƙananan haruffa, tsagar ta cinye rabin kowanne, tsofaffi suka riƙa zuwa suna manna hanci a ƙofar suna tambaya ko lambar waya ce. Na-Gobe ya goge da kansa, ya ce waɗannan haruffan kira ne, ba na hira ba, kalma ɗaya ko biyu su yi shiru. Wata mai ɗinki ta ce ita ba za a sa mata ƙarfen taga a saman shago ba. Mai sayar da katifu ya maido nasa, ya ce duk wanda ya karanta zai ji bayansa na ciwo.

Mai Fulawa in ya shigo gari sayen fenti sai ya biyo, ya zauna a benci, ya ɗaga robar nan a haske yana girgiza kai. Rubutun walda yake ce musu. Ya sha tambayarsa me ya sa mai hannu irin nasa zai koma aikin gwangwani, ko lalaci ne ya zo da tsufa. Na-Gobe sai ya ce zamani ne, wanda ya tsaya zanen fure a jikin mota ba zai gane ba. Hannun dama yana aljihu. Ya sa an ɗinka masa riguna masu zurfin aljihu, gaisuwa ya mayar da ita ta gaggawa, shayi ba ya sha sai a gida. Mutane suka ce girman kai ya shige shi tun da ya yi suna, shi kuwa ya gwammace a ce haka.

A hankali ya yarda da labarin da ya ƙirƙira. Ya fara cewa ido maƙaryaci ne, gwangwani ne mai gaskiya. In kwastoma ya ce kamar O ya ɗan fi sauran ƙanƙanta, sai ya ɗauko rula ya nuna masa tsawonsu ɗaya, ya ce ya je a duba masa ido.

Ana nan sai wani mai gidan ruwan leda ya gina sabon wuri a bakin babban titi, da wani ƙaton tankin ƙarfe a kan dogayen ƙafafu, kewayayye kamar ganga. Ya ce sunan kamfaninsa yake so a jikin tankin da rubutun gobe, yadda duk motar da ta shigo gari za ta gani. Na-Gobe bai taɓa samun aiki mai girman wannan ba. Yayata har fara'arta ta sauya.

Ya yi aikin yadda ya saba, sai dai ya faɗaɗa. A filin gidan ruwan ya shimfiɗa manyan kwalaye, ya kafa ƙusa, ya ɗaura igiya da fensir ya zagaya, da'ira ta fita. Dogon katako ya zama rula. Ya yanke haruffa kowanne ya fi ni tsawo, aka hau da su kan katakan da magina suka bari, aka liƙa a jikin tanki, ya bi su da babban soso. Sunan yana da O biyu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe, kuma da kwali ɗaya ya buga su. A can sama ya auna komai ya ga daidai. Ya sauko yana share hannu, muka tsallaka titi don mu gani.

Tankin yana da tsawo, kuma jikinsa lanƙwashe yake. Daga ƙasa, O na tsakiya ya zauna ya baje kamar ƙwai a kwance. Na ƙarshe, da ya bi lanƙwasar tankin, ya tsuke ya miƙe kamar ƙwai a tsaye. Haruffan gefe suka rame, na tsakiya suka yi tumbi. Na ce masa ai wannan ba sunan kamfani ba ne, hoton iyali ne, ga uban ga 'ya'yan da ba a ba abinci. Bai ko harare ni ba. A nan na san abin ya wuce wasa.

Mai gidan ruwan ya zo, ya fito daga mota, ya ɗaga kai. Na-Gobe ya fara yi masa bayanin cewa in aka hau aka auna, duka biyun da'ira ce cikakkiya. Mutumin ya ce shi kwastomominsa ba sa hawa tanki. Ya ce buɗe wuri ya ƙarato, an riga an gayyaci mutane. Sannan ya dafa shi cikin fara'a, ya ce ai abin ba wuya, ba shi ne mai hannun nan ba? Ya ce yana tuna lokacin da ya rubuta wa mahaifinsa allon shago ba ko layin alli. Ya ce masa ya hau da buroshi ya ja nan ya rage can, yadda ido zai gan su daidai daga titi.

Gaskiyar mutumin ke nan. Siffar da za ta fito da'ira daga ƙasa ba da'ira ba ce a sama. Ta tsakiya sai an ƙara mata tsawo, ta gefe sai an ja ta ta yi faɗi, kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya. Babu gwangwani mai wannan bakin. Na-Gobe ya gwada sake yanka kwali da kintace, aka hau aka liƙa, ya fito kamar an taka shi. Washegari ya hau da buroshi. Ma'aikatan gidan ruwan suka bar injin suka fito kallo, don sun ji labarin hannun. Ya tsoma buroshin, ya ɗaga, ya tsaya yana kallon ƙarfen. Daga inda nake ina ganin bakin buroshin na kaɗawa, su suna ganin mai shirin farawa. Can ya maida shi gwangwani, ya sauko, ya ce iska ta yi yawa.

A gida bai taɓa abinci ba. Yayata ta bari yara suka fita, sannan ta ce masa hanya biyu ce: ko ya ajiye aikin a ce Na-Gobe ya kasa, ko ya nemi hannu aro. Ya ce duk wanda ya kira sai ya tambaye shi dalili. Ta ce to ya kira wanda ko ya ji dalilin ba zai yi masa dariya ba. Ya ce ai wannan shi ne zai fi kowa dariya. Ta ce ya je dai.

Da safe na kai shi tashar mota. Mun sami Mai Fulawa a kan tebur yana zana wa wata tsohuwar mota fure a ƙofa. Da ya gan mu ya fara, wai yau mutanen wata sun sauko duniya, ko gwangwanin ne ya lotse. Na-Gobe ya jira yaran mota suka ja gefe, ya ciro hannun daga aljihu, ya miƙa shi a iska tsakaninsu, ya bar shi yana abin da yake yi.

Mai Fulawa ya daɗe yana kallo. Ya goge buroshinsa da tsumma a hankali.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin gwangwani."

"Shi ne ka bar ni ina ta zaginka."

"Zagin ya fi mini sauƙi."

Mai Fulawa ya sauko daga tebur, ya rufe fentinsa. Ya ce zai yi, amma a sani, shi bai taɓa rubuta harafi tsirara ba, in an gan shi a yi masa sheda tilas ce.

Shirin shi ne Mai Fulawa ya hau da alli da buroshi, Na-Gobe ya tsaya a tsallaken titi ya zama ido. Da fari da waya aka fara, amma ƙarar injin ruwa da ta motoci ta hana ji, ga mutum ba zai riƙe waya da buroshi da ƙarfen dafawa a lokaci guda ba. Mai Fulawa ya cusa wayar a aljihu, ya yi nuni a nuna masa da hannu.

Mutane sun taru, don labari ya zaga cewa mai fure ya hau tankin Na-Gobe. Mai faci ya rufe wurinsa ya zo. Tsohon ubangidana na nan, da masu aski biyu. Suna ta tambayar me ya sa shi yana ƙasa. Na-Gobe ya gwada nuni da hagu, ya rikice, ya ce a ja dama aka ja hagu. Alli ya tafi inda ba a so. Na ga ya ciji leɓe. Sai ya ciro na daman ya ɗaga sama, gaban kowa, yana nuna inda layin zai bi.

Hannun ya yi ta kaɗawa a iska. Mai Fulawa ya leƙo daga sama, ya kare ido da tafi, ya ɗaga murya yadda duk titin zai ji, don shi bai san akwai mai saurare ba sai abokinsa.

"Dama ko hagu? Hannun naka duka biyun yake cewa."

Ba wanda ya yi dariya, har ni. Mai faci ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Na-Gobe bai maida hannun aljihu ba. Ya karɓi wata doguwar sanda a wurin mai rake, ya riƙe ta da hannu biyu, ya ci gaba da nuni. Haka suka yini, ɗaya na ja ɗaya na gyarawa, a goge a sake. Harafin da ke sama in ka hau ka gan shi sai ka rantse ɗan koyo ne ya yi, a karkace, gefe ɗaya ya kumbura. Daga titi kuwa O biyun suka fito tagwaye, kamar bakin gwangwani.

A harafin ƙarshe Mai Fulawa ya kasa daurewa, ya ja masa 'yar wutsiya. Na-Gobe ya buga sandar a ƙasa har sai da Mai Fulawa ya goge ta. In rana ta yi gefe har yanzu ana ganin inuwarta.

Mai gidan ruwan ya ji daɗi, aka buɗe wuri, tankin ya zama abin kwatance. Amma abin da yayata ta ji tsoro shi ya faru, sai dai ba da hayaniya ba. Ba wanda ya ce wa Na-Gobe ya kasa. Sannu aka riƙa yi masa. Mai faci ya fara ɗaukar masa gwangwani, mai kemis ya riƙa kawo sunayen magunguna, wata tsohuwa ta aiko da saiwar magani. Manyan ayyuka, bangon makaranta, gaban gidan mai, suka koma tasha wurin Mai Fulawa, wanda ya riga ya koyi haruffan a jikin tanki, yana yin su da fure a gefe. Ya sha aiko wa abokinsa ya zo su yi tare, shi ido shi hannu. Sun gwada, suka yi faɗa a kan wutsiya, kowa ya koma shagonsa. Ƙananan kwastomomi ma suka ragu. Wai suna tausayin su wahalar da shi.

Ya zauna a shago yana yanke haruffan da ba wanda ya nema, don ba ya iya zama haka nan. Robobi suka taru a kan tebur. Wata rana wani mai wankin mota daga wata unguwa ya zo, ya ce shi ba allo yake so ba, robar yake so a sayar masa, zai buga da kansa. Na-Gobe ya kore shi. Yayata ta ji, ta ce tukunya ba ta san wanda ya riƙe soso ba. Da mutumin ya dawo, aka zuba masa haruffa tun daga A har ƙarshe a cikin ambulan ya tafi.

Yanzu sana'arsa ke nan. Yana yanka manya da matsakaita, ƙanana ya ƙi yi, ya ce ba zai sayar wa mutane ciwon ido ba. Masu fenti na bakin kasuwa suna saye, direbobi na saye, har daga wasu garuruwa ake aikowa. Hotunan ƙashin dangi sun ƙare, ni nake zagayawa ina tambayar fasinjoji ko akwai wanda ya taɓa karyewa a gidansu. Gidan yayata ana ci, ba kamar da ba, amma ana ci. Buroshinsa duk ya kyautar. Shayi ya koma sha a waje, yana zuba kaɗan a riga, ba ya kallon kowa.

Haruffan kuwa sun fi ƙarfinsa. Suna jikin kekunan masu ruwa, suna ƙofar masu sayar da kaji, har mai katifun nan na gan su a motar kayansa. Yawancin masu bugawa ba su san shi ba.

Kwanan baya na ɗauko shi daga wurin sayen reza, muka bi ta bayan kasuwa. Ya dafa ni ya ce in tsaya. A jikin wani dogon bango an buga da jan fenti, da rubutun jirgin wata, KADA A YI FITSARI A NAN. Ya sauka ya je har gindin bangon, duk da warin, ya daɗe yana dubawa. Na ce masa barka, rubutun gobe ya iso inda aka nufa da shi.

Ya ce wanda ya buga ya matse haruffan, bai ba su wurin numfashi ba, kuma fentin ya yi ruwa. Ya hau babur ya ce in ja baya. Na ja. Ya ce in ƙara. Muka koma har bakin kwana, yana leƙe ta kafaɗata.

Muna nan tsaye wani mutum ya zo da sauri, ya tunkari bangon, hannunsa har ya kai ga mazagi. Ya ɗaga kai, ya karanta, ya waiwaya hagu da dama, ya wuce can gaba inda rubutun ya ƙare.

"Ka gani," in ji Na-Gobe. "Yana aiki. Mu je, Sarkin Yawo, ka kula da ramin nan."